Rigimar da Ke Cikin Littafin Kaka

4 ga Fabrairu

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da duk mutanen gidan. Na san za ki juya ambulan kina neman wanda ya aiko. Ni ne ɗan farin ɗan'uwanki ma'aikacin asibiti, wato jikan yayan mahaifinki. Rabonki da ni tun ina aji uku a firamare, ranar da kika zo duba Babanmu da ya karye a ƙafa, kika ce kunnuwana sun fi kaina girma. Kan ya ɗan kamo su yanzu.

Babanmu yana nan lafiya, sai hawan jini da ƙin shan magani. Kin san ma'aikacin asibiti, shi ne na ƙarshe wajen bin maganar likita. Innarmu tana gaishe ki. Ni ina koyar da adabi a wata sakandare, Asabar da Lahadi kuma ina karatun digiri na biyu. An ba ni lambar wayarki, amma an ce ba kya ɗauka, wai kin ce maganar da ba a rubuta ba ana iya musunta. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ba zan yi ta kwana-kwana ba, Gwaggo. Maganar littafin Kaka ce. Shekara arba'in da biyar ke nan da fitowarsa, har yau ana karanta shi a makarantu, amma kwafin da ke yawo duk hoton hoto ne, shafuka sun dushe, kurakuran bugu sun yi masa katutu. Wani kamfanin ɗab'i yana so ya sake fitar da shi. Sun ce in rubuta gabatarwa, in kuma gyara kurakuran. Gyaran ba zai yiwu ba sai na ga rubutun hannunsa. Na tambayi Babanmu, ya ce littattafan rubutu biyar ne, Kaka ya aika wa mahaifinki su kafin ya rasu, in suna nan to suna wurinki. Ya ƙara da cewa kada in kuskura in tambaye ki. Ga shi na kuskura.

Na san littafin ba abin so ba ne a gidanku, amma ban san zurfin abin ba, don a gidanmu ba a zancensa. In kin ce a'a, ba zan ga laifinki ba.

Ɗanki,
malamin adabi


21 ga Fabrairu

Ɗana,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso. Rubutunka ya fi na ubanka kyau, shi da in ya rubuta sunan magani sai an tara mutum uku su karanta. Lafiyata lau, sai ido. Na hagun ya yi yana, na daman ma ya fara bin sahu. Shekara talatin ina buga tafireta a ofishin ruwa, ba abin mamaki ba ne.

Littattafan suna nan cikin akwatin ƙarfe, ɗaure da igiyar da aka aiko su da ita. Babana bai kwance ta ba, ni ma ban kwance ba.

Ka ce ba ka san zurfin abin ba. Bari in auna maka.

Mahaifiyar Babana ta yi wata huɗu a kwance a gidan yayansa, kakanka, wanda muke kira Baba Babba. Shi hedimasta ne, maganarsa doka ce a makaranta da gida. Ya ce ba za a kai ta babban asibiti ba, hanya ba kyau, ba za ta jure ba. Babana direba ne. Wata safiya, bayan yayansa ya tafi aiki, ya shimfiɗa katifa a bayan motarsa ya ɗauke ta. Kwana biyu ta yi a asibiti, rai ya yi halinsa. A gaban masu ta'aziyya Baba Babba ya dube shi ya ce, "Kai ka kashe ta."

Bayan shekara shida ya sa maganar nan a littafi, shafi na tamanin da uku. Ya cire sunaye, ya ce Yaya da Ƙane, amma bai canja motar ba, har launinta. Ina aji huɗu a sakandare aka sa mana littafin. Malaminmu baƙo ne, bai san komai ba, ya ce in tashi in karanta wannan shafin. 'Yan ajin sun sani. Na karanta har ƙarshen shafin na zauna, daga ranar ban sake buɗe shi ba. Babana kuwa ya yi shekara ashirin yana shiga tasha ana nuna shi da baki.

To ka faɗa mini, malamin adabi, me za ka rubuta a gabatarwar? In yabon kakanka ne, ba ka bukatar akwatina.

Ka gaida iyayenka.

Gwaggonka


6 ga Maris

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Da fatan idon ya yi sauƙi, Allah Ya ƙara lafiya. Mu duk lafiya. Jarrabawa ta matso, teburina ya cika da takardun yara, sai gefe guda na share nake rubuto miki.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Ban san an sa ki karanta shafin nan a aji ba. Ni ma nakan sa ɗalibai su tashi su karanta shi, ban taɓa tunanin waye ke zaune a gabana ba.

Kin tambaye ni abin da zan rubuta. Ga shi, ki yi mini haƙuri in na yi miki kamar ina aji.

Mai ba da labarin littafin nan ko sau ɗaya bai ce wane ne mai gaskiya ba. Shi ya sa mutane suke ɗauka yana bayan Yaya, tunda Yaya ne ya iya magana. Amma inda ake gane zuciyar mai ba da labari shi ne wurin rigima: wa ya bari ya yi magana, me ya sa mu kalla lokacin da ake maganar, wa ya bi da aka watse. Rigima uku ce a littafin.

Ta farko a ɗakin mahaifiyarsu. Yaya ya yi jawabi shafi ɗaya da rabi, da karin magana da komai. Sau biyu mai labarin ya katse shi don ya gaya mana cewa Yaya ya leƙa taga ya ga ko maƙwabta suna ji. Ƙane kalma tara kawai ya faɗa, kuma duk tsawon jawabin yana matse tawul yana goge wa uwar wuya.

Ta biyu a bakin ƙofa. Yaya ya ce, "Ni nake ɗawainiya da ita, kai sai ka ga dama kake zuwa." Amma a babin da ya wuce an nuna mana ya yi kwana uku bai shiga ɗakin ba saboda wari, daga ƙofa yake tambaya. Mai labarin bai ce ƙarya ya yi ba. Ya ajiye abin biyu kusa da juna ya wuce.

Ta uku ita ce wadda kika karanta. Da kin juya shafin, Gwaggo, da kin ga cewa bayan Yaya ya faɗi maganar nan, sai ya gyara wuyan rigarsa yana bin fuskokin mutane da kallo. Ƙane ya fita. Mai labarin bai tsaya ya ji sauran maganar Yaya ba, ya bar shi a tsakiyar jimla ya bi Ƙane waje, ya tsaya tare da shi har shafi shida yana sauke katifar daga mota yana naɗe ta. Daga nan har ƙarshen littafin ba a sake barin Yaya ya yi dogon jawabi ba.

Wanda ya rubuta haka ba yabon Yaya yake yi ba. Hannunka mai sanda ya yi, mutane suka kalli sandar suka bar hannun. Abin da na fahimta shi ne, har Kaka ya gama littafin nan bai yafe ba, kuma ina jin har ya koma ga Allah bai yafe ba.

Wannan zan rubuta. Ina son ganin rubutun hannun ne don in tabbata ba ni nake saka masa abin da bai nufa ba.

Ɗanki


19 ga Maris

Ɗana,

Lafiyata lau.

Na bi takardarka da gilashin ƙara girman rubutu, layi bayan layi, har na fara cewa yaron nan yana da hankali. Sai a ƙarshe jinin ya yi magana. Bai yafe ba? Me aka yi masa da zai yafe? Mutumin da ya ɗora wa ƙanensa mutuwar uwarsu, ya buga ta a takarda, ya raba wa makarantu, shi ne kuma yake da abin yafewa? Babana ya mutu yana kiransa Yaya, bai taɓa ɗaga masa murya ba.

Shafi uku ka cika da tawul da taga don ka kawo ni nan. Ka rubuta gabatarwarka yadda ka ga dama. Akwatin yana inda yake.

Gwaggonka


28 ga Maris

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya. Mu ma lafiya.

Da wasiƙarki ta zo na rasa gane abin da ya faru, sai da na ɗauko takardar da na fara tsara tawa a kai. A can na rubuta "bai yafe wa kansa ba". Wajen kwafewa na zubar da kalma biyu, har sau biyu. Ni da nake rage wa ɗalibai maki kan jimlar da ba ta cika ba. Ga takardar nan na haɗo miki, da gogewarta da komai, ki gani da idonki.

Kansa nake nufi, Gwaggo. Mahaifinki ba shi da abin da za a yafe masa, kuma ina jin Kaka ya fi kowa sanin haka. Amma na gane dalilin da ya sa kika karanta ta yadda kika karanta. Laifina ne, ki gafarce ni.

Na kuma sa an ɗauki hoton shafi na tamanin da huɗu zuwa casa'in, an ƙara girman rubutun saboda idonki. In ba kya so ki gani, ki kunna wuta da su. Ban ce ki buɗe akwati ba.

Ɗanki


17 ga Mayu

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Mako bakwai ke nan ban ji daga gare ki ba. In fushi ne, na karɓa. In kuma jiki ne, don Allah ki sa a sanar da mu. Na gaya wa Babanmu duk abin da ya faru. Ya ce, "Ai na gaya maka," daga baya kuma na ji shi yana tambayar Innarmu ko akwai wanda ya san maƙwabtanki.

Akwai abin da ya kamata ki sani, ba don in matsa miki ba. Na gaya wa kamfanin cewa ba zan rubuta gabatarwar ba sai da yardarki. Sun ba ni zuwa ƙarshen Yuni. In ban kawo ba za su ba wani farfesa, wanda ya taɓa rubuta cewa Ƙane misali ne na gaggawa da rashin biyayya ga na gaba. Na karanta maƙalar tasa, shafi ashirin, ko sau ɗaya bai ambaci katifar ba. Da ni ko ba ni, littafin zai fito. Na ga bai dace ki ji wannan a bakin wani ba.

Allah Ya ba ki lafiya.

Ɗanki


9 ga Yuni

Ɗana,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, kuma ina ganin wannan takardar da nake rubutu a kai tar, har da layukanta. Ba fushi ne ya hana ni amsa ba, ko da yake akwai shi. An yi mini aikin ido ranar biyu ga Afrilu, na hagu, bayan mako uku na dama. Likita ya hana ni karatu da sunkuyo. Wasiƙunka biyu suka zauna a kan firji. Maƙwabciyata mai shagon magani ta ce ta karanta mini, na ce mata a'a, maganar gida ce, kuma bakinta ba shi da murfi. Ka gaya wa ubanka ya kwantar da hankalinsa ya sha maganinsa.

Na ga takardar da ka tsara. Na yarda kalma biyu ka zubar. A ofishinmu da ka yi haka a wasiƙar manaja, da ka sake buga shafin gaba ɗaya. Ya wuce.

Shafukan da ka aiko na karanta su ranar Talata da hantsi, a kujerar bakin taga. Na gama na koma farko. Sannan na jawo akwatin. Igiyar ta bushe, sai da na sa almakashi.

Abu na farko da na yi, na ɗaga kowane littafi ta bango na girgiza shi, ko wata 'yar takarda za ta faɗo, mai sunan Babana a kai. Babu. Littafi biyar, babu ko layi ɗaya da aka rubuta masa.

Sai na zauna na karanta duka, kwana huɗu. Ga abin da kake nema. A rigima ta uku, inda aka buga "Yaya ya ce masa, kai ka kashe ta", a rubutun hannun "Na ce masa" ya fara rubutawa. Ya ja layi a kai, ya rubuta "Yaya ya ce" a sama. Ba nan kaɗai ba. Na bi na ƙirga, aikina ne: wuri goma sha ɗaya hannunsa ya zame ya ce "na" a maimakon Yaya, kuma duk a wurin rigima ne. Inda ake maganar leƙa taga ma, "na leƙa" ya rubuta. Bironsa har ya huda takardar wajen sokewa.

To ka yi gaskiya. Mai labarin ba ya bayan Yaya. Kunyarsa yake ji, don shi ne.

Amma ka saurare ni, malamin adabi. Babana karatunsa na allon hanya ne da takardar kaya. In ya ɗauki jarida, da yatsa yake bi. Wa ya ce masa ya lura da wanda mai labari ya bi waje? Shi abin da ya ji shi ne abin da aka ji a tasha. Tsakanin gidajensu tafiyar minti ashirin ce a ƙafa. Kakanka ya cika littafi biyar don kada ya taka wannan minti ashirin ɗin ya ce, "Ka yafe mini." Ya ɓoye maganar inda sai mai digiri biyu zai tono ta bayan shekara arba'in da biyar. Ka ce hannunka mai sanda ne. Wanda aka zaga a gaban jama'a, a gaban jama'a ake wanke shi. Ka rubuta abin da ka gano, gaskiya ne, amma kada ka kira shi jarumta.

Sannan akwai inda littafin bai sani ba. Babana bai naɗe katifa ba ranar. Ina nan, shekarata takwas, na bi shi waje. Shiga motar ya yi ya zauna, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, bai tayar da ita ba, har rana ta juya. Katifar ta yi mako a bayan motar. Kakanka bai fito ya gani ba, ƙirƙira ya yi.

Kuma ba da ra'ayin kansa ya ɗauke ta ba. Ana gobe zai ɗauke ta, ina zaune a bakin gadon ina yi mata fifita, ta kama hannunsa ta ce, "Auta, ka kai ni in ga likita, ko sau ɗaya." Ya ce Yaya ya hana. Ta ce, "Ni na haifi Yayan." Na girma na tambaye shi me ya sa bai taɓa faɗa ba. Ya ce in ya faɗa, ya nuna wa duniya yayansa ya ƙi jin roƙon uwarsa, kuma ya mai da laifi kan wadda ke kabari. Ya zaɓi ya ɗauka.

Ga sharuɗɗana. Littattafan ba za su bar gidan nan ba, kai za ka zo. Akwai ɗakin da nake ajiye keken ɗinki, da tebur da fanka, sai dai ƙafar teburin ɗaya gajera ce, mukan sa mata kwali. Na biyu, a buga hoton shafin da ya soke "Na ce masa", kowa ya gani, kada ya tsaya a bakinka. Na uku, bayan gabatarwarka za a sa shafi biyu nawa, a kan Babana, ba za a taɓa mini ko waƙafi ba. In kamfanin ya ƙi, su ba farfesansu.

Ka zo kafin ashirin ga wata don ka samu lokaci. In ka sauka a tasha ka bi titin da ya wuce gidan mai, gida na huɗu bayan shagon magani, mai koren ƙyaure. Kada ka tambayi mai shagon hanya, sai ta riƙe ka awa guda.

Na riga na fara shafukan nawa. Jiya na buga layin farko, na daɗe ina kallonsa, ban ga abin gyarawa ba. Ga shi: "Mahaifina direba ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi a kan hanya, ko akuya bai taɓa bugewa ba."

Gwaggonka